Keken da Aka Gyara Mini

Shekarar da aka yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato ita ce shekarar da Baba ya rasu. Damina ce, gero ya fara fitar da kai. Gari ya cika da murna, duk wanda ya taɓa riƙe biro yana ganin gobe da safe za a kira shi Birnin Kebbi a ba shi ofis da fanka. Ni ban taɓa riƙe biro ba, don haka ban sa rai da komai ba. Ina cikin fadama a Kalgo, inda na yi shekara goma sha biyu ina noman shinkafa, aka zo aka ce in tafi gida Gwandu, tsoho ya cika.

Mu uku ya bari: Yaya, da ni, da ƙanwarmu da ke aure a Maruda. Bayan sadakar arba'in aka zauna rabon gado a zauren gidanmu. Malamin da ke raba gado a unguwar ya zo da dattawa uku. Gida da gona ba su ba da wahala ba, ƙanwarmu ta karɓi rabonta ta koma ɗakinta. Abu biyu suka rage tsakanina da Yaya. Na farko jakin Baba, mace ce, tana da ciki. Na biyu wani ƙarfe da ke rataye a saman zauren tun kafin in yi wayo.

Firam ɗin keke ne, wato gangar jikin kawai. Ba taya, ba sirdi, ba kai, ba sarƙa. Abin da ke manne da shi sai ƙarfen gaba mai ƙafa biyu da taya ke shiga tsakaninsu, wanda masu gyara ke kira fok. Fentinsa shuɗi ne mai haske. A goshinsa akwai tambarin tagulla mai rubutu, a jikin doguwar sandar akwai wani farin rubutu, a ƙarƙashin cikinsa kuma, inda feda ke shiga, an buga wasu ƙananan lambobi. Tun ina yaro na ƙirga su: baƙaƙe bakwai a sanda, lambobi shida a ciki. Ƙirga na iya, karatu ne babu.

Baba a ƙuruciyarsa ya yi wa wani Bature mai awon fadama aikin kuku. Da Baturen zai koma ƙasarsu kaya suka yi masa yawa, ya kwance tayoyin da sauran tarkacen ya sa a akwati, firam ɗin ya ƙi shiga. Baba ya ce mutumin ya daɗe a tsaye yana shafa ƙarfen kamar mai sallama da ɗansa, sannan ya miƙa masa, ya faɗa masa abu biyu da 'yar Hausarsa. Kada a bari wuta ta taɓa shi. Kuma sunan wanda ya ƙera shi da shekarar da aka yi shi suna jikinsa, duk mai karatu zai gani. Baba ya riƙe ta farko, ta biyu bai dame shi ba. Kowace shekara ana gobe Babbar Sallah zai sauko da shi, ya goge shi da tsumma da man gyaɗa, ya mayar. Fiye da shekara talatin yana haka, bai taɓa sa masa taya ba.

A al'adar rabon gado, abin da ba ya yankuwa biyu sai a kira mai sana'ar ya yi masa kuɗi. Ita jakar, dillali ya zo ya buɗe bakinta, ya taɓa cikinta, ya faɗi nasa. Firam kuwa aka aika a kira Injiniya. Shi ne babban mai gyaran keke na bakin kasuwa. Ba wanda ya ba shi wannan suna, shi ya ba kansa, ya biya aka rubuta masa a allo, mu kuma muka bi.

Sai na ɗan yi bayani a nan. A Gwandu ba a tambayar keke gudunsa. Tambayarsa ake yi buhun albasa nawa zai ɗauka daga gona zuwa kasuwa, da mai shi a kai, ba tare da ya yi kuka ba. Keke mai nauyi shi ne na ƙwarai. Mai saye yakan ɗaga shi, in ya ji ƙugunsa ya amsa sai ya fara ciniki.

Injiniya ya shigo yana goge hannu a riga. Aka sauko masa da firam. Ya sa yatsa ɗaya ya ɗaga shi sama, ya juya yana nuna wa dattawa, suka yi dariya. Ya ɗalle shi da farce, ya yi ƙara siririya kamar kofin shayi. Daga nan ya shiga lissafa aibobinsa. Babu hudar birki a gaba, babu a baya. Babu kunnen da za a ɗaura madigadi, babu inda kariyar ɗaukar kaya za ta zauna. Tsagar da tayar baya ke shiga kuma, maimakon ta dubi gaba kamar ta kowane keke mai hankali, baya ta duba. Ya ce wannan an ƙera shi ne ranar da maƙerin ya yi faɗa da matarsa, kamfani ya ƙi karɓa, Bature kuma ya ga ya fi sauƙi ya ba kuku da ya kai juji. Malam ya tambaye shi kuɗinsa. Ya ce kaza biyu, kuma ba masu ƙwai ba.

Na ce ya duba rubutun da ke jiki mana. Ya ce rubutu ba ya ɗaukar albasa.

Malam ya ce to, sai a sayar da jaka a raba kuɗin, ƙarfen kuma wanda ya so ya ɗauka a cire masa kaza ɗaya. A nan bakina ya buɗe. Na ce Yaya ya riƙe jakar gaba ɗaya, ni a bar mini firam. Har yau in aka tambaye ni dalili nakan ce don Baba ne. Gaskiya ne, amma ba duka ba. A raina na yarda Bature ba ya shafa juji, na kuma ga kaina wata rana ina shigowa unguwar nan a kan babur kowa yana cewa ashe shi ne mai wayon gidan. Malam ya tambaye ni sau uku a gaban shaidu ko da yardata, sau uku na ce da yardata.

Yaya ya dube ni da tausayi, ya ce, "Ƙanena, in don rubutun ne, ai kai da jakar ga karatunku ɗaya."

Aka yi dariya, har Malam ya rufe baki da hannun riga. Ni ma na yi, don an san ni da haƙuri. Amma a wurin na ƙudura cewa ba mai karanta mini rubutun nan. Idona ne zai karanta shi, a zauren nan, a gaban mutanen nan.

Da na koma Kalgo uwargida ta tambaye ni abin da na samo. Ashe ita tuni ta gama ɗora wa jakar aiki a ranta: jigilar shinkafa daga fadama, ɗebo ruwa, kai niƙa. Na yi mata bayanin Bature da tambari. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce in ƙarfen ya shigo gidan nan shanya za ta riƙa yi a kai. Shi ya sa na bar shi a inda yake a Gwandu. Na ce ƙarfen da ya jira shekara talatin ba zai gaji da shekara ɗaya ba.

Bayan an gama girbi na sa sunana a ajin yaƙi da jahilci. A firamaren Kalgo ake yi, bayan la'asar, kwana uku a mako. Mu goma sha wani abu, duk da gemu, muna zaune a bencin yara gwiwa na taɓa haɓa. Hannun da ya saba da fartanya bai san lallashi ba, a watan farko fensir huɗu na karya. Malaminmu saurayi ne mai sanyin hali. Ya tambayi kowa abin da ya kawo shi. Wani ya ce wasiƙar ɗansa, wani ya ce takardar asibiti, ni na ce keke. Da ya ji labarin ya ce wannan ai aikin minti ɗaya ne, ranar kasuwa mu tafi tare ya karanta mini, ko in kawo masa. Na ce a'a, idona nake so ya fara gani. Ya sake yi mini tayin sau biyu a cikin shekarar, sau biyu na gode masa. Mutane suka riƙa yaba haƙurina, ni kuma na yarda da su.

A hankali baƙaƙen suka fara tsayawa wuri ɗaya. Na karanta gwangwanin madara, na karanta bayan motocin kaya, na karanta allon asibitin dabbobi. Ranar da na karanta buhun taki daga sama har ƙasa ban yi tuntuɓe ba, na ce lokaci ya yi. Kusan shekara ɗaya da rabi ke nan da rabon gado, ana shirin Ƙaramar Sallah. Na sayi sabon fensir, na feƙe shi, na sa shi da littafina a aljihun riga, na hau mota sai Gwandu.

Abin da ban sani ba shi ne, a can gida magana ta daɗe tana yawo. Jakar ta haihu. Duk lokacin da Yaya ya wuce majalisa da ita da ɗanta a baya, sai wani ya tambaye shi lafiyar keken ƙanensa, ko ya fara cin dusa. Aka fara cewa ya cuci maraya, ko da yake marayan ya haura arba'in kuma da bakinsa ya zaɓa. Yaya mutum ne da ba ya son a ambace shi da cuta. Ya sayar da buhun albasa, ya sauko da firam, ya kai wa Injiniya, ya ce a mayar masa da shi keken mutane. Ya hana kowa gaya mini, don yana so in yi mamaki.

Na yi sallama na shiga zaure, na ɗaga kai. Ƙusa ce kawai da guntun igiya. Kafin in tambaya Yaya ya fito yana murmushi, ya ce in zauna, ya aika aka kira Malam da dattawan nan uku da maƙwabta. Da zaure ya cika sai ga Injiniya ya turo wani baƙin keke yana kaɗa ƙararrawa.

Baƙi ne wuluk, yana sheƙi, da zanen ruwan zinariya. An yi masa kariya da rodin gini. An ƙara masa sanda ta biyu a sama, an yi mata walda gaba da baya. Ga madigadi, ga madubi biyu, ga furen roba a kai, ga jak na tsayarwa mai kaurin hannun yaro. Injiniya ya tsaya ya ba da labarin wahalar da ya sha, mako uku cur. Tayar baya ta ƙi shiga, sai da ya gasa ƙafafun da wuta ya buɗa su da ƙarfe, ya yanke 'yar gadar da ke tsakaninsu. Fok ɗin gaba ya matse, ya cire shi ya sa na ƙwarai. Ya huda inda ya kamata tun farko a huda. Tsohon fentin kuwa ya yi taurin kai, sai da ya babbake shi.

"Ɗaga ka ji," in ji shi.

Na sa hannu biyu na ɗaga. Ƙuguna ya amsa.

"Ka ji ko? Ya yi ƙiba."

Na durƙusa na duba goshin. Sumul, ba ko alamar ƙusa. Na duba sandar, baƙi. Na kwantar da kai na leƙa ƙarƙashin cikin, sai wani faifan ƙarfe da aka yi wa walda don jak ya zauna. Na tambayi Injiniya lambobin, cikin murya ƙasa-ƙasa. Ya ce wannan kyauta ya yi mini, bai sa a kuɗin aiki ba. Ya goge su tas da magagari kafin ya yi walda, domin keke mai lamba wanda ba shi da rasit masifa ne a hanya, kowane ɗan iska zai iya tare ka ya ce nasa ne aka sace. Wanda ba shi da lamba kuwa ba mai shaidarsa. Dattawa suka gyaɗa kai, suka ce wannan hangen nesa ne. Na tambayi tambarin. Ya ce ya ɓamɓare shi don fenti, ya yi kwanaki a cikin gwangwanin ƙusoshi, sai wani mai albasa ya zo yana kukan kekensa ba tambari ana raina shi, ya buga masa. Na ce wane mai albasa? Ya ce masu albasa ai duk kamarsu ɗaya.

Kowa a zauren ya zuba mini ido. Babban wa ya kashe buhun albasa a kanka, ya tara shaidu, ya miƙa maka kyauta ana gobe Sallah. Abu ɗaya ne ake yi a irin wannan wuri, kuma na yi shi. Na tsuguna a gabansa na ce, "Na gode, Yaya. Allah ya bar zumunci." Ina tsugunawa na ji fensirin ya karye a aljihu. Malam ya yi addu'a, aka shafa, ya ce da kowane gida haka yake da alƙalai sun huta.

Na ɗora keken a saman a-kori-kura na kai shi Kalgo. Uwargida ta zagaya shi, ta jijjiga kariyar, ta ce yanzu aka yi magana, ashe a gidanmu akwai mai tunani. Ba ni take nufi ba.

Ban bar aji ba, don na riga na saba, kuma yanzu ina da abin hawa. Wata rana na jingine keken a bakin taga muna cikin darasi, sai na hango wani mutum ya zo wucewa ya tsaya cak. Malamin wasanni ne na sakandare, abokin malaminmu, wanda aka taɓa turawa kwas ƙasar Turai. Ya tsuguna a bayan keken yana kallon inda tayar baya ta shiga, kamar wanda ya ga fuskar ɗan'uwansa a cikin fursunoni. Da aka tashi ya tambayi mai shi. Ya roƙi izini, ya ciro 'yar wuƙa ya kankare fenti kaɗan a wata mahaɗa. A ƙarƙashin baƙin sai ga bakin ƙarfe an goge shi siriri, an lanƙwasa shi kamar ganye.

Ya ce wannan keken tsere ne, kuma ba na kan titi ba. Akwai wani fili da ake ginawa da katako, kamar ƙaton akushi, masu tsere suna zagayawa a jikin bangonsa. Keken wurin ba shi da birki don ba mai tsayawa, ba shi da kariya don ba abin da ake ɗauka sai rai, ba shi da madigadi don ruwa ba ya shiga. Tsagar baya kuma da gangan aka juya ta, don a ja taya a ɗaure sarƙa tam. Irinsa ba a kamfani ake zubo su ba, mutum ɗaya ne ke zama a ɗan shagonsa ya auna mai hawa kamar yadda tela ke auna riga, ya ƙera masa nasa. Rashin nauyin nan shi ake biya. Wato duk abin da Injiniya ya lissafa a zaure daidai ya gani, ba abin da ya tsallake, sai dai kowanne ya karanta shi a juye.

Na yi masa tambaya uku: wa ya ƙera shi, yaushe, kuma nawa zai yi. Ya ce amsar tana wuri huɗu. Tambarin goshi, rubutun sanda, lambobin ciki, sai kuma kafaɗar fok, inda irin waɗannan maƙera ke sassaƙa alamarsu a cikin ƙarfen. Na ce masa ukun farko sun riga mu gidan gaskiya. Ya mayar da wuƙarsa aljihu. Sannan ya ce to ina fok ɗin asali?

Ranar Asabar ya goya ni a babur ɗinsa muka tafi Gwandu. Injiniya ya karɓe mu da fara'a, ya zaci sabon aiki aka kawo. Malamin wasanni ya yi masa bayanin akushin katako da tela da komai, a natse, da ladabi. Injiniya ya saurara yana ɗaure sifok ɗin wata taya, da aka gama ya ɗago.

"Malam, a can ƙasar da ka tahi, buhu nawa yake ɗauka?"

"Ba ya ɗaukar buhu."

"To mi muke gardama a kai?"

Da ƙyar ya tuna inda fok yake. Ya ba wani maƙeri a Kambaza, a madadin kurfi biyu na yankan ƙarfe da ya yi masa. Muka kama hanyar Kambaza.

Maƙerin dattijo ne, muka same shi a bakin wuta. Da ya ji abin da ya kawo mu fuskarsa ta washe. Ya ce shekara arba'in yana yankan ƙarfe bai taɓa gamuwa da irin wannan ba, siriri kamar takarda amma sai da ya dakushe masa zarto. Ya ce wanda ya yi shi ya san aiki, Allah ya yi wa hannunsa albarka ko wane ne. A duk ƙasar Gwandu shi kaɗai ya ga darajar ƙarfen nan ba tare da an gaya masa ba, kuma saboda ya gan ta ne ya yanke ƙafafun biyu ya yi bututun zugazugi da su, don sun tsuke a ƙasa daidai yadda ake so. Ya nuna mana. Ga su nan kwance, bakinsu a cikin gawayi, iska na fita ta ciki wuta na tashi. Abin da aka ce kada wuta ta taɓa, shi ke hura ta tun safe har yamma.

Malamin wasanni ya tambayi kafaɗar. Maƙeri ya ce wannan guntun ba shi da amfani, ya jefa shi cikin tarin ƙarafa, masu sayen gwangwan sun kwashe kafin azumi. Ya ce ya ga wani ɗan zane a kai kam, amma bai tsaya dubawa ba, shi ma ba karatu gare shi ba.

A gindin wata bishiya a bakin hanya muka tsaya, malamin ya kashe babur ya faɗa mini iyakar abin da zai iya faɗa. Aikin hannu ne, na tsere ne, kuma hannun gwani ne. Zai iya fitowa daga ɗaya cikin ƙasashe uku, ya lissafa su. Shekarunsa tsakanin talatin da biyar zuwa hamsin, wannan ma daga labarin Baba ya ciro, ba daga ƙarfen ba. Kuɗi kuwa, in sanannen maƙeri ne kuma da an bar shi yadda yake, akwai masu tara irinsu a can da za su iya ba da abin da zai sayi sabon babur, wataƙila har da canji. In kuma wani almajirin maƙeri ne da ba a sani ba, wataƙila kuɗin rago. Na ce to yanzu fa? Ya ce yanzu sai sikelin masu sayen gwangwan.

Kafin mu koma Kalgo na biya gida na gaya wa Yaya, ba don rigima ba, don dai ya sani. Na same shi yana zuba wa jakar dusa. Ya saurara da kyau, bai katse ni ba.

"To, ƙanena, malamin nan naka ya ce wataƙila." Ya nuna cikin jakar da haɓa, ta sake ɗaukar wani. "Wagga kuwa ba wataƙila ba ce."

Ya ƙara da cewa in ban manta ba na yi godiya a gaban shaidu. Ban manta ba.

Keken ya yi mini damina ɗaya. Da kaka ta zo na ɗora masa buhun shinkafa daga fadama, ina kan hanyar Wurogauri sai na ji ƙas a ƙarƙashina. Sandar asali ce ta tsage, daidai gefen waldar da aka yi wa sanda ta biyu, inda wuta ta cinye siririn ƙarfen. Gaba ya tafi gabas, ni da buhu muka tafi ƙasa, na tashi da haƙori ɗaya a hannu. Rodin kariyar ko lanƙwasa bai yi ba. Da labari ya kai wa Injiniya, aka ce ya girgiza kai ya ce tun ranar farko ya faɗa jabu ne, amma ba a jin maganar masu sana'a.

Na cire tayoyin da ƙararrawa, na kai sauran wa mai sayen gwangwan. Ya rataya a sikeli, ya ce na yi sa'a akwai rodi a jiki, shi ya ɗaga nauyin. Abin da ya ba ni na shiga kasuwar Kalgo da shi, ya saya mini kaza biyu. Na duba, ba masu ƙwai ba ne.

Har yanzu in na shiga kasuwa ba na wuce keke ban sunkuya na karanta goshinsa ba, musamman na masu albasa. Karatuna ya yi kyau ƙwarai ta wannan hanya, har an ba ni takardar shaida. Sai dai ko na ci karo da tambarin ba lallai in gane shi ba, don lokacin da yake gabana ban san me ya ce ba, kuma wanda ya so ya gaya mini sau uku na hana shi.

Abin da ya tafi: jaka ɗaya da 'ya'ya uku da ta haifa wa Yaya kafin ta mutu. Buhun albasa ɗaya, nasa. Tambarin tagulla ɗaya, baƙaƙe bakwai, lambobi shida, kafaɗar fok ɗaya. Shuɗin fentin da Baba ya shafa wa man gyaɗa fiye da sau talatin. Haƙori ɗaya na sama. Fensir biyar.